Muryata a Farin Akwatin Aimé

Litinin, 9 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ni Huguette Cuenot ke magana, maƙwabciyata Fernande ke rubutawa. Shekara talatin ta yi tana buga hatimi a gidan waya na nan Morteau, rubutunta mai kyau ne. Ni aji huɗu na yi aka cire ni, yanzu kuma yatsun ma ba sa riƙe biro. Mun yi da ita abin da na faɗa shi za ta sa, ba gyara ba ado. Ta ce in na zage ta fa? Na ce rubuta.

Takardar asibiti ta zo ran Juma'a. Bakwai ga Nuwamba, ƙarfe takwas, in zo da kayan kwana. Na sa ta ƙarƙashin kwandon burodi. Magana ta ƙare a kan wannan.

Maganar akwati nake so a rubuta.

Mijina Aimé, Allah ya jiƙansa, shekararsa goma sha biyu a ƙasa. Da rana yana gyaran injuna a kamfanin agogo, ran Asabar yana kiɗa da abokansa masu gashi har kafaɗa. Ba kiɗan rawa ba ne. Waƙa guda sai ta cinye fuskar faifai, jita da ganguna da sarewa, a hau dutse a gangaro, Gaby mawaƙinsu yana ba da labari a ciki kamar mai tatsuniya. Mutanen Paris suka ce su koma Ingilishi in suna son suna. Aimé ya ce da Faransanci uwarsa ta zage shi, da shi zai yi waƙa.

Akwatin fari ne, ya kai mini ƙugu, nauyinsa kamar ɗan maraƙi. Haƙora talatin da biyar gare shi irin na piyano. Bayan kowane haƙori akwai zaren kaset. In ka danna, zaren ya tafi, muryar da ke kansa ta fito sakan takwas, ta ƙare. Ka ɗaga yatsa ya koma baya. Na wasu goge ne a ciki. Namu mu ne a ciki. A saba'in da biyar Aimé ya tara mu, mata goma sha takwas na bene na uku inda muke ɗaura wa agogo hannaye, ya kai mu coci bayan an tashi aiki, kowace ta ce "aaa" har numfashinta ya ƙare. Kowace ya ba ta haƙori biyu. Ni guda ɗaya, kada a ce ya fifita matarsa. Saura mu biyu a duniya, ni da Paulette, ita kuma ba ta san sunanta ba yanzu.

Ya haɗa wata doguwar waƙa a kanmu, Bene na Uku, minti ashirin da uku. Kafin a buga ta kamfani ya rufe, ƙungiya ta watse. 'Yata Sylvaine, ita ta gaji hannunsa, ta tono takardun. Ita da Gaby da sabbin makaɗa za su buga ta a zauren gari ran Lahadi biyar ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma, don masu son irin kiɗan nan ba sa wuce takwas ba su yi gyangyaɗi ba.

Biyar ta riga bakwai. Iyakar abin da na sani ke nan.

Laraba, 11 ga Oktoba, bayan abincin rana

Sylvaine ta zo da Loïc, mai haɗa musu sauti. Shekararsa ta kai arba'in amma yana yawo da wando gajere cikin sanyin nan. Ya tsaya gaban akwatin ya cire hula kamar ya shiga maƙabarta.

"Iya, yana aiki kuwa?"

"Kai kana aiki?"

Na kunna, na ce a ba shi minti ashirin ya yi ɗumi. Duk Lahadin duniya, tun ran da aka binne Aimé, ina kunna shi awa guda, in bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya don kada zaren ya manne da juna. Mutane na coci, ni ina falo da matattu. Ban san sunayen da masu kiɗa ke kiransu ba. Na ce wa Loïc wannan Germaine ce mai muryar maza, wannan Odette, waɗannan biyun Colette, Allah ya yafe mata, ni ban yafe ba.

Loïc ya ce ba za a iya kai akwatin zaure ba, ya tsufa, in ya ji sanyi murya na karkacewa. Zai kwashe muryoyin cikin kwamfuta, Sylvaine ta buga daga can.

Na ce, "Ni ma in na ji sanyi murya na karkacewa. A kwashe ni?"

Sylvaine ta ce, "Mama, don Allah."

Na ce ya kwashe abinsa, ban hana ba. Amma akwati zai hau dandamali ko da a bayana ne.

Lahadi, 15 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

Na kunna akwatin kamar kullum. Tari ya dame ni a tsakiya, na zauna. Bangon gidanmu ɗaya ne, Fernande ta jiyo ta shigo ba sallama. Na ce mata ƙura ce.

Talata, 17 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Loïc ya zo da wayoyinsa ya fara kwasa daga hagu. Lafiya lau har haƙori ashirin da biyu. Ya danna na ashirin da uku, sai muka ji ƙarrr, sai shiru. Ya buɗe baya. Zaren ya manne, ya yage, baƙin da ke kansa ya zube kamar toka.

"Iya, wannan wace ce?"

Na ce masa hannunsa kamar na mahauci. Na ce wanda bai san darajar abu ba kada ya taɓa. Na faɗi wasu ma, Fernande ta ce ba za ta rubuta ba, to ta bari. Ya tattara wayoyinsa kunnuwansa jawur.

Ni ce na ashirin da uku.

Laraba, 18 ga Oktoba, da safe

Ba abin da za a rubuta. Fernande, rufe littafin.

Asabar, 21 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Sun kai ni rumbun ciyawar Gaby inda suke gwaji. Gaby shekara tamanin da biyu, kai kamar ƙwai, saura gashi bakwai a ƙeya ya ɗaure su da roba.

"Huguette! Har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ka buɗe mini ƙofa, kai ne babba."

Muryarsa na nan. Ba zan faɗa masa ba. Mai ganga da mai jita sabbi ne, sa'o'in jikoki, amma hannu ya faɗa. Sylvaine na tsakiya da na'urori uku, tana taɓa wannan tana taɓa wancan, leɓenta na ƙasa a cije irin na ubanta. Akwai wasu sautuka da ta ƙara waɗanda ba a san su ba a zamanin Aimé, kamar iska cikin bututu, kamar ana zuba ƙananan ƙusoshi a faranti. Na yi niyyar in ƙi su, ban samu dalili ba. Inda ake nuna injunan bene na uku, har warin man inji na ji.

Sai aka zo kan mata. Loïc ya gyara mu tas. Ya miƙe duk wadda ta karkace, ya ɗinka ƙarshen kowace murya da farkonta, in ka danna sai ta yi ta tafiya har gobe. Na saurara minti biyu na buga sandata a ƙasa.

"Su wane ne waɗannan?"

"Ku ne, Iya."

"Mu muna numfashi. Odette tana shan taba kwali guda a rana, yaushe ta riƙe murya minti ɗaya? Waɗannan sai dai mala'iku, kuma ban taɓa ganin mala'ika a bene na uku ba."

Mai ganga ya yi dariya, sai kuma ya daina. Ya ce tun sati biyu yake rasa inda zai shigo a wurin nan. Na ce to ai shi ke nan. Aimé yana barin zare ya ƙare, a ji mun ja numfashi, sannan ganga ta faɗo. In babu numfashi ina za ka faɗo? Gaby ya ce wallahi haka ne, shi da yake wurin ma ya manta.

Kuma na ce a sake danna mini na ashirin da uku. Aka danna.

"Wannan Colette ce."

Loïc ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ɗauki ta kusa da ni ya ɗaga ta kaɗan ta cike gurbin, ba wanda zai gane.

Shekara tara matar nan tana zaune kusa da ni tana yi wa mijina fari da ido duk sanda ya zo gyaran inji. Yanzu daga kabari za ta hau kujerata. Na ce a cire ta.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe uku

Sylvaine ta zo ita kaɗai da takardun ubanta. Ta ɗaga kwandon burodi za ta yanka, ta ga takardar asibiti. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta mayar. Ta ce tun yaushe? Na ce burodin na jiya ne. Ta shiga banɗaki ta daɗe, famfo na zuba.

Da ta fito ta shimfiɗa shafin ƙarshe a tebur. Ni ɗigo-ɗigo kawai nake gani kamar kashin ƙuda.

"Mama, kin san yadda waƙar ke ƙarewa?"

Ban sani ba. Bai taɓa buga mini ƙarshen ba, ni kuma ban tambaya ba, ina da wanki.

Ta ce a ƙarshe kowa na yin shiru. Ganga, jita, Gaby. Saura mata. Sai a riƙa ɗaga yatsa, suna fita ɗaya bayan ɗaya kamar an tashi aiki. Ta ƙarshe ita kaɗai, har zare ya ƙare. Ta nuna mini da farce. Aimé ya rubuta 23, ya zagaye, a gefe ya sa H.

Shekara arba'in da takwas ina cewa guda ɗaya ya ba ni, ya ba Colette biyu. Ashe.

Mutumin banza. Da ya faɗa da bakinsa, me zai ci shi?

Laraba, 25 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na ce wa Sylvaine a samo sabon zare. Mai muryar ba ta mutu ba, me ake nema wajen Colette? Ta ce Mama, sakan takwas ne fa. Na ce na san lissafi, agogo na yi shekara goma sha huɗu ina haɗawa.

Alhamis, 26 ga Oktoba, bayan karin kumallo

Fernande ta riƙe agogon Aimé, na tsaya a kicin na ce "aaa". Uku. Ta ce uku da rabi. Na ce kada ta yi mini ƙarya, ba a gidan waya take ba.

Asabar, 28 ga Oktoba, da hantsi

Huɗu. Na daina hawa bene, a falo nake kwana kusa da akwatin. Don ɗumi ne.

Fernande ta kawo miyar dankali da cuku, ta ce in ci in samu ƙarfi. Gishiri ya yi yawa. Rubuta, ke kika dafa.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Huɗu. Huɗu. Uku. Sannan abin nan ja ya zo a hankici, na jefa a murhu. Fernande ta ce za ta kira Sylvaine. Na ce in ta kira, in nemi wata marubuciyar.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Ranar kai wa matattu furanni. Duk gari na maƙabarta da tukwanen fure. Sylvaine ta tuƙa ni har bakin kabarin. Ban kai masa fure ba, bai taɓa sanin bambancin fure da kabeji ba. Na tsaya na ce masa na ga shafin ƙarshen waƙar. Na ce ka ci sa'a ba ka kusa.

A hanyar fita na bi ta kan su Germaine da Odette da Marcelle da Yvonne. Na gaya musu ran Lahadi ne, ƙarfe biyar. Colette ma na gaya mata. Haƙoranta biyu ne, tana da aiki.

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Loïc da uwarsa. Ya gaishe ni daga nesa kamar mai tsoron kare. Na kira shi.

Fernande, rubuta wannan da kyau. Zaren nan ba shi ya lalata ba. Talatin da huɗu nake dannawa duk Lahadi. In na zo na ashirin da uku sai in tsallake. Shekara goma sha biyu. Aimé yana da wata ɗabi'a, in ya shigo daga aiki sai ya danna shi sau ɗaya kafin ya cire takalmi, in amsa daga kicin in ce ga ni nan da raina, me kake nema a akwati? Bayan shi ban so in ji ba. Shi ke nan. Zaren ya zauna ya manne.

Ban faɗa wa Loïc duk wannan ba. Na ce masa Juma'a ƙarfe goma, ya zo da sabon zare, kuma ya sa dogon wando.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

A coci muka yi, inda aka yi na farko, fada, limamin cocin, ya ba mu awa guda. Sanyi kamar cikin rijiya. Sylvaine ta ba ni muryar a kunne, na kama.

Na farko huɗu. Na biyu tari. Na uku muryar ta fashe kamar tsohuwar ƙofa. Gaby yana bencin baya, ya ce, "Huguette, ki ɗauka Colette ce ta ɗauki kofinki, ki ƙwala mata kira."

Na ce, "Rufe mini baki, ƙwai."

Na zauna minti goma. Na tashi na riƙe bayan benci da hannu biyu, na kalli tagar da nake kallo a saba'in da biyar, na saki. Ban san inda na samo ba. Da ta ƙare sai na ji ni zaune, Sylvaine na riƙe da kafaɗata.

Loïc ya ce, "Shida, Iya. Shida cif."

Na ce a sake. Sylvaine ta ce a'a da irin muryar da ni nake ce mata a'a tana ƙarama. Na san ba saura.

Loïc ya matso a hankali. Ya ce sakan biyu ba komai ba ne a wurinsa, zai ja ta a kwamfuta ta cika takwas, ko Aimé ba zai gane ba.

Na ce, "Takwas na yarinya mai shekara talatin da ɗaya ne, ta zube a toka. Shida gare ni. Sa shida. Kuma abin da ya biyo baya kada ka yanke."

"Numfashin? Iya, yana da ƙara fa. Kamar zarto."

"Nawa ne ko naka?"

Ya ce to, sauran biyun zai bar zaren fanko. Na ce yanzu ka fara hankali.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Ƙarti huɗu suka fitar da akwatin, na lulluɓe shi da bargon gadona. Na ce a kunna shi awa biyu kafin a fara, kuma kada Sylvaine ta danna fiye da shida a lokaci guda, in ya yi nauyi murya na nutsewa. An raba aiki, mata daga akwati, injuna da iska daga kwamfuta. Falo ya yi faɗi. Inda ya tashi katakon ya fi haske.

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Zaure ya cika, har da tsayuwa. Furfura ta fi yawa, amma akwai matasa, wasu daga Suwizalan suka tsallako, wani ya ce daga Kanada. Rabin garin kuma uwarsu ko kakarsu na cikin akwatin. Ɗan Germaine ya zo da motar katakonsa ko wanka bai yi ba.

Aka sa ni a gaba. Akwatin na tsakiya da fitila a kansa, tabon kofin Aimé na nan a murfi, ban taɓa gogewa ba.

Ba zan iya ba da labarin minti ashirin da uku ba. Gaby ya yi shugaban bene, ya yi ƙararrawar tashi, ya yi mai gadi yana rufe ƙofa ranar ƙarshe, yana zare ido kamar a saba'in da biyar. Sau ɗaya ya manta baiti ya cike da na bakinsa, ni kaɗai na gane. Da mata suka shigo suka ja numfashi, ganga ta faɗo daidai, na ji ta a haƙarƙari. Akwatin ya ɗan karkace a tsakiya. Mu ma haka muke.

Sai kowa ya yi shiru. Sylvaine ta fara ɗaga yatsu. Germaine ta fita, na ji ɗanta ya yi wani sauti a bayana. Yvonne. Marcelle. Odette. Colette ce ta kusa da ƙarshe, muka ɗan tsaya tare, ita da ƙuruciyarta ni da tsufana. Ba laifi, muryarta na da daɗi. Ta fita.

Saura tsohuwa guda. Tana rawa, tana kaushi, amma a kan layi take. Na ƙirga. Shida. Sai zarton, duk zaure ya ji. Sylvaine ba ta ɗaga yatsa ba. Ta riƙe haƙorin sakan biyun nan zaren na tafiya fanko, mutum ɗari huɗu ba wanda ya yi tari, har ni. Sai ƙas, zare ya ƙare.

Tafin ba ruwana da shi. Sun tashi tsaye, Gaby ya nuna ni, ban tashi ba, ƙafata ta yi sanyi ne. Fernande ta jiƙa hankici biyu, ta ce kada a rubuta, rubuta.

Yanzu saura abin da ke kan kowa, tunda gobe da sassafe za mu kama hanya.

Akwati ya dawo falo, ba rumbun Gaby ba, akwai danshi. Duk Lahadi awa guda. Yana kan Sylvaine, in tana tafiya yana kan Fernande, na nuna mata makunnin. Talatin da biyar za a danna. Na ce talatin da biyar.

Gaby zai ɗauki abin da aka naɗa jiya ya kai wa Paulette gidan tsofaffi ya sa mata a kunne. Haƙori na sha huɗu da na sha biyar ita ce. Ko ba ta san sunanta ba, a gwada.

Bargona yana wurin mai ganga, ya dawo da shi a wanke.

Loïc yana bina ban haƙuri. Fernande, ki yage shafin ɗaya ga wata ki ba shi ya karanta, ya isa. Ki haɗa masa da dogon wandon Aimé mai ruwan toka.

Sakan biyu kuma ni ake bi. In na dawo, a kai ni coci in cike. In ban dawo ba, kada wanda ya cike mini.

Ɗaga kwandon burodin ki miƙo mini takardar.